Gaɓar Roba Mai Aiki da Umarnin Ƙwaƙwalwa: Inda Bincike Ya Kai da Abin da Majinyaci Zai Iya Samu a Yau

A 'yan shekarun nan akwai bidiyoyi da ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok, ana nuna mutumin da jikinsa ya shanye yana motsa hannun ƙarfe da tunaninsa kawai, ko wani lafiyayye da aka ɗaura wa hannu na uku yana aiki da shi. Bidiyoyin sun isa har ƙauyukan Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, kuma sun fara shigowa ɗakin ganin likita.

Kwanakin baya wani dattijo ya kawo ɗansa wankin ciwo, saurayi ɗan kimanin shekara 20 da injin casa ya cinye wa hannun dama. Da aka gama, sai ya ciro waya ya nuna mini irin wannan bidiyo, ya ce, "Likita, wannan gaskiya ne? In gaskiya ne, nawa ake sayarwa? Ina da gona, zan iya ɗaga ta." Na ce masa, "Baba, gaskiya ne, amma ba a kasuwa yake ba, kuma ba don irin larurar ɗanka aka yi shi ba. Kada ka taɓa gonarka." Wannan maƙala ita ce cikakkiyar amsar tambayarsa.

Yadda ƙwaƙwalwa ke motsa hannu

Ƙwaƙwalwar ɗan'adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, waɗanda ke aika wa juna saƙo ta hanyar ɗan ƙaramin lantarki da sinadarai. A samanta, daga tsakiyar kai zuwa wajen kunne ta kowane ɓangare, akwai wani ziri mai kula da motsi, kuma kowace gaɓa tana da gurbinta a wurin. Ɓangaren hagu ne ke sarrafa damar jiki, na dama kuma ke sarrafa hagu.

Idan mutum ya yi niyyar ɗaukar kofi, saƙo na tashi daga wannan ziri, ya gangara ta cikin laka da ke cikin ƙashin baya, ya bi jijiyoyin hannu, ya isa tsoka, sai tsoka ta motsa. A lokaci guda wani saƙon yana dawowa daga fata da gaɓɓai yana sanar da ƙwaƙwalwa nauyin kofin da zafinsa da inda hannun yake. Abin ya yi kama da wutar lantarki: akwai tasha, akwai babban layi, akwai wayar gida, akwai ƙwan fitila. Idan babban layi ya tsinke gida zai yi duhu, amma tasha tana nan tana aiki.

Saƙon na iya yankewa a wurare huɗu:

1. A ƙwaƙwalwa, kamar yadda yake faruwa a shanyewar ɓarin jiki.
2. A laka, sakamakon karayar wuya ko ƙashin baya a hatsarin mota ko babur, ko faɗowa daga bishiya ko cikin rijiya.
3. A jijiyoyin da ke zuwa tsoka ko tushensu, kamar a cutar shan inna.
4. A gaɓar kanta, idan aka yanke ta.

Sanin inda saƙo ya yanke shi ne ke nuna irin taimakon da ya dace da majinyaci.

Mece ce mahaɗar ƙwaƙwalwa da kwamfuta?

Na'ura ce da ke ɗauko saƙon motsi kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ta tsallake wurin da ya lalace, ta kai shi ga wani abin da zai yi aikin. Tana da sassa uku: mai ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa, kwamfutar da ke fassara saƙon, da abin da ke aikatawa, wato hannun mutum-mutumi, ko keken guragu, ko alamar da ke yawo a fuskar kwamfuta.

Kwamfutar sai an koya mata. Ana sa majinyaci ya yi ta ƙoƙarin kai hannu dama ko hagu a ransa, ita kuma tana lura da ƙwayoyin da suka tashi a kowane yunƙuri, har ta gane salon kowane motsi. Saboda haka irin wadda aka yi domin motsi ba ta karanta sirrin zuciya ko abin da mutum ke tunawa. Niyyar motsi kawai take kamawa, ita ma ta wannan ɗan wurin da aka ɗora ta.

Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ne ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a 1924. A 1973 Jacques Vidal na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya kawo shawarar a yi amfani da wannan lantarki a sarrafa kwamfuta.

Ire-irenta

1. Hular da ake sawa a kai. Ba a tiyata. Irin wayoyin da ake manna wa mai farfaɗiya a gwajin EEG ne. Ba ta da haɗari, sai dai saƙonta ba ya fita sosai, domin ƙoƙon kai ya tare. Kamar mutum ne ya tsaya bayan gari ranar da kasuwa ke ci: zai ji hayaniya, amma ba zai ji cinikin kowa ba.

2. Wadda ake shimfiɗawa a saman ƙwaƙwalwa. Ana buɗe ƙoƙon kai a ɗora ta ba tare da an soki ƙwaƙwalwar ba. Saƙonta ya fi na hula fita.

3. Wadda ake sokawa cikin ƙwaƙwalwa. Wadda aka fi amfani da ita an ƙirƙiro ta ne a Jami'ar Utah ta Amurka. Faɗinta milimita 4 ne, kusan girman ƙwayar dawa, tana da 'yan allurai 100. Wadda kamfanin Neuralink ya fara dasawa a 2024 kuma zare-zare 64 ne masu wuraren ɗaukar saƙo 1,024. Irin wannan ce ta fi ba da motsi mai kyau, ita ce kuma ta fi haɗari.

4. Wadda ake turawa ta jijiyar jini. Kamfanin Synchron na shigar da tasa ta babbar jijiyar wuya har ta zauna kusa da wurin motsi, ba tare da buɗe kai ba. An fara gwada ta a Ostireliya a 2019.

Akwai wani hannun roba mai batir da mutane ke ɗauka irin wannan ne, alhali ba shi ba ne. Shi daga tsokar dungu yake ɗaukar saƙo, ta saman fata. Yawancin bidiyon da ake gani na wanda aka yanke wa hannu yana buɗe yatsun roba yana rufewa, wannan ne.

Abin da aka cimma zuwa yanzu

- 2004: A Amurka aka dasa wa Matthew Nagle, wanda aka soka da wuƙa a wuya jikinsa ya shanye, na'urar BrainGate. Ya iya motsa alama a kwamfuta da buɗe hannun roba da rufewa.
- 2012: Aka wallafa labarin Cathy Hutchinson, wadda ta yi kusan shekara 15 ba ta motsi bayan bugun jini a ƙwaƙwalwa. Ta ɗauki gorar kofi da hannun mutum-mutumi ta kai bakinta ta sha. A shekarar ce Jan Scheuermann ta ciyar da kanta cakulan a Jami'ar Pittsburgh.
- 2014: A bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Birazil, wani saurayi da ƙafafunsa suka shanye, Juliano Pinto, ya taɓa ƙwallo da taimakon rigar ƙarfe da hular EEG.
- 2016: Nathan Copeland ya ji taɓi a yatsun hannun mutum-mutumi, bayan an dasa masa wata na'urar a wurin ji na ƙwaƙwalwa. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna jin taɓin ya rage lokacin ɗaukar abu da ajiye shi daga kusan daƙiƙa 20 zuwa 10.
- 2019: A Johns Hopkins aka dasa wa Robert Chmielewski na'urori shida a ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Daga baya ya sarrafa hannaye biyu, ɗaya da wuƙa ɗaya da cokali, ya yanki kek ya ci, kodayake kwamfuta ce ta ɗauki wani ɓangare na aikin.
- 2023: Aka wallafa yadda likitoci a Lausanne ta ƙasar Suwizalan suka haɗa ƙwaƙwalwar wani ɗan Holan, Gert-Jan Oskam, da lakarsa ta ƙasan inda ta ji rauni. Ya miƙe, ya yi tafiya da abin dogarawa, har ya hau matakala.
- 2024: A watan Janairu Neuralink ya dasa wa Noland Arbaugh na'urarsa. Da ita yake sarrafa kwamfuta.

Duk waɗannan mutane a ƙarƙashin gwajin bincike aka yi musu aikin, ba saye suka yi ba. Zuwa ƙarshen 2023, waɗanda aka taɓa dasa wa irin wannan na'ura na dogon lokaci a duniya baki ɗaya ba su kai 100 ba. Kuma hannayen da Hutchinson da Scheuermann da Copeland suka motsa ba a jikinsu suke ba. An kafa su ne a gefe, injiniyoyi na tsaye a kai.

Hannu na uku da jiki fiye da ɗaya

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu bincike na tambaya: shin ƙwaƙwalwar da aka halitta da hannu biyu za ta iya ɗaukar na uku?

Amsar farko ta fito ne daga abin da muka sani a gida, wato cindo. Yawancin cindon da muke gani ɗan tsiro ne a gefen ƙaramin yatsa, ba ya motsi. Amma a 2019 masana daga Jamus da Ingila da Suwizalan sun yi nazarin wata mata da ɗanta masu cikakken yatsa na shida tsakanin babban yatsa da manuni. Sun tarar yatsan na da tsokarsa da jijiyarsa da gurbinsa a ƙwaƙwalwa, har suna iya ɗaure igiyar takalmi da hannu ɗaya. Wannan ya nuna ƙwaƙwalwa na da wurin ƙarin gaɓa, aƙalla ga wanda aka haifa da ita.

A 2018, a cibiyar bincike ta ATR da ke Japan, an sa wa mutum 15 hular EEG. Aka ce su riƙe allo da hannu biyu suna daidaita ƙwallo a kai, a lokaci guda su sa hannun mutum-mutumi ya kama kwalba. Takwas ne suka iya haɗa ayyukan biyu da kyau.

A Ingila kuma Dani Clode ta ƙera ƙarin babban yatsa na roba da ake ɗaurawa a gefen hannu. Da yatsun ƙafa ake sarrafa shi, ba da dashe a ƙwaƙwalwa ba. A binciken 2021, bayan kwana 5 ana horo, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna iyakokin da ke tsakanin guraben yatsun hannun sun ɗan dusashe, sannan abin ya lafa bayan an daina sawa. A wani binciken Jami'ar Kambirij da aka fitar a 2024, cikin mutum 596 masu shekara 3 zuwa 96, kashi 98 cikin 100 sun iya amfani da shi a minti na farko.

Maganar mutum ɗaya ya sarrafa jiki da yawa kuwa har yanzu buri ce. A 2020 gwamnatin Japan ta sa ta cikin manufofin da take son cimmawa kafin 2050. Abin da ya fi kusa da ita shi ne wani gidan shan shayi da aka buɗe a Tokyo a 2021, inda masu larurar da ba sa iya fita daga gida ke sarrafa mutum-mutumin OriHime ta intanet suna yi wa baƙi hidima. Su ma da yatsa ko motsin ido suke yi.

Babban cikas shi ne hankali ba ya rabuwa yadda ake so. Duk wanda ya taɓa amsa waya yana tuƙa babur ya san haka. Ƙarin hannu na cin wani kaso na hankalin da hannayen asali ke bukata.

Wa aka yi wa dashen ƙwaƙwalwa?

An yi shi ne domin wanda saƙonsa ya yanke can sama, ta yadda babu wata tsokar da za a ɗauko umarni daga gare ta: mai karayar wuya da hannu da ƙafa suka shanye, mai bugun jini a gindin ƙwaƙwalwa da ya rasa motsi da magana, da mai cutar da ke kashe jijiyoyin motsi a hankali.

Wanda aka yanke wa hannu ko ƙafa ba ya bukatar a buɗe masa kai. Ƙwaƙwalwarsa da lakarsa lafiya lau suke, saƙo na isowa har bakin dungu. A nan za a ɗauke shi. Ko da an yanke hannun tun daga kafaɗa, akwai tiyatar da ake karkatar da jijiyoyin zuwa tsokar ƙirji, wadda Dakta Todd Kuiken ya fara a Chicago a 2002 kan wani ma'aikacin lantarki da ya rasa hannu biyu.

Ga mai shanyewar ɓarin jiki, hukumar magunguna ta Amurka ta amince a 2021 da wata na'ura mai suna IpsiHand, hular EEG da abin ɗaurawa a hannu. Taimakon atisaye take yi. Ba ta maye gurbin likitan fisiyo ba.

Haɗari da matsaloli

- Tiyatar kai na iya kawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, shigar ƙwayoyin cuta, ko farfaɗiya.
- Jiki na gina tabo a kewayen alluran, sai saƙo ya yi ta raguwa da shekaru. Makonni kaɗan bayan aikin Arbaugh, da yawa daga zaren da aka soka suka zame daga gurbinsu.
- Saƙon na sauyawa daga yau zuwa gobe, dole a riƙa sake saita kwamfutar.
- Gwaji na ƙarewa. An cire wa Jan Scheuermann tata a 2014, bayan shekara biyu da 'yan watanni.
- Kamfani na iya durƙushewa. Kamfanin Second Sight ya dasa wa makafi sama da 350 na'urar gani a ido, ya daina ƙera ta a 2019, aka bar mutane da na'ura a jiki babu mai gyara.

Abin da ake samu a kusa da mu

Babu asibitin da ke dasa irin wannan na'ura a Najeriya. Amma abin da mafi yawan majinyatanmu ke bukata yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 40 ne ke bukatar gaɓar roba ko abin tallafar gaɓa, kuma ɗaya cikin goma ne kawai ke samun kayan taimakon da yake bukata. Matsalarmu ta rashin kaiwa ga mai sauƙin ce.

Ga mutumin Kazaure ko Babura ko Roni ko Gwiwa, hanya na farawa ne daga babban asibiti mafi kusa, inda likita zai duba ya ba da takardar turawa. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana da sashen da ke auna dungu ya ƙera ƙafa da hannun roba da takalman ƙarfe na masu shan inna. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka da sashen fisiyo. A cikin Jigawa akwai Asibitin Rashid Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. A Maiduguri kuma akwai cibiyar gaɓoɓin roba da ƙungiyar Red Cross ta duniya ta taimaka aka buɗe a asibitin koyarwa a 2020.

Hannun roba iri uku ne:

1. Na ado. Ba ya motsi, amma yana tare abu, yana danne takarda, yana kuma rage kallon da mutane ke yi. A Uyo ta jihar Akwa Ibom, John Amanam ya yi suna wajen ƙera masu launin baƙar fata.
2. Mai igiya. Ana rataya shi a kafaɗa, motsin kafaɗa ne ke buɗe maƙatar da ke bakinsa. Ba ya son caji, yana jure ƙura da zufa, gyaransa ba wuya. Shi ya fi dacewa da manomi da makiyayi da mai aikin hannu.
3. Mai batir da ke karanta tsoka. Kuɗinsa na kaiwa dubban daloli, yana da nauyi, yana son caji kullum, zufa da ƙurar hunturu na dagula shi, kayan gyaransa kuma sai an yi odarsu daga waje.

Kada a raina mai igiya. A gasar masu gaɓoɓin roba ta Cybathlon da aka yi a Zurich a 2016, Robert Radocy ne ya zo na ɗaya a ɓangaren hannu, da hannu mai igiya, ya doke masu batir. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A ɓangaren ƙafa, a gaya wa mai ƙerawa yadda ake rayuwa: ana tsugunno, ana zaman sallah, ana shiga gona da fadama. Ƙafar Jaipur da aka ƙirƙiro a Indiya a 1968 an yi ta ne domin masu tsugunno da zama a ƙasa da tafiya ba takalmi.

Abin da majinyaci zai yi tun yanzu

Kowace irin gaɓa za a sa, ta yau ko ta shekara 20 masu zuwa, tana bukatar dungu mai lafiya da tsoka mai ƙarfi da gaɓɓan da ba su ƙage ba. Wanda ya zauna jiran hannun da ya gani a bidiyo, tsokarsa za ta tsotse, ya rasa na yau ya rasa na gobe.

- A fara ganin likitan fisiyo tun ana kwance a asibiti.
- Bayan ciwo ya warke, a riƙa naɗe dungu da bandeji mai talewa yadda aka koya, domin kumburi ya sauka.
- Wanda aka yanke wa ƙafa kada ya sa matashi a ƙarƙashin gwiwa, kada ya wuni zaune da gwiwa a lanƙwashe. Ya riƙa kwanciya rubda ciki na ɗan lokaci kullum, idan likita bai hana ba.
- A wanke dungu da ruwa da sabulu kullum, a busar, a duba ko akwai ja ko ƙuje ko ƙurji.
- Kada a jinkirta zuwa awon hannun roba. Wanda ya daɗe da sabawa da hannu ɗaya yakan ajiye na roba.
- Yaro na girma, saboda haka za a riƙa sauya masa gaɓa lokaci-lokaci.
- Yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa na jin kamar tana nan, wasu har da zafi ko ƙaiƙayi a yatsun da babu su. Ba aljanu ba ne, ba taɓin hankali ba ne. Gurbin gaɓar ne a ƙwaƙwalwa yake ci gaba da aiki. Akwai magunguna, akwai kuma atisaye da madubi. A gaya wa likita.
- Mai jinyar wanda jikinsa ya shanye ya riƙa juya shi duk bayan awa 2, ya motsa masa kowace gaɓa kullum, ya kula da fitsari da bayan gida. Gyambon kwanciya da ciwon mafitsara na cikin abubuwan da suka fi barazana ga ransa.
- Ƙunci da yanke ƙauna na biyo bayan rasa gaɓa. Idan majinyaci ya daina ci, ya daina magana da mutane, ko ya fara zancen gara mutuwa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Kare gaɓar da ake da ita

Babu hannun da aka ƙera da ya kama ƙafar wanda aka haife mu da shi. Da yawa daga yankan da ake yi a asibitocinmu ana iya kauce musu.

- Ɗori: Idan aka ɗaure karaya da kara aka matse, kumburi na toshe jini, kuma tsoka na fara mutuwa cikin kimanin awa 6. Zafi mai tsanani da ke ƙaruwa, yatsu su kumbura, su yi sanyi, su yi baƙi ko su daina ji, ko fata ta yi bororo: a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Yara ne suka fi rasa hannu ta wannan hanya.
- Ciwon suga: A duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, kada a yi tafiya ba takalmi, kada a gasa ƙafa a gaushi lokacin sanyi. Ƙaramin ciwo ma a kai shi asibiti.
- Hawan jini: A sha magani kullum ko da ana jin lafiya. Idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti a take.
- Injin niƙa da na casa: A kashe inji kafin a sa hannu, a naɗe hannun riga, kada a bar yara kusa da bel.
- Hatsari a hanya: Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗaga shi a naɗe cikin mota. A kwantar da shi a kan katako ko ƙyaure, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya juya.
- Idan yatsa ko hannu ya guntule, a danne ciwon da tsumma mai tsabta. A naɗe guntun a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada guntun ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a tafi da shi asibiti.

Hattara da 'yan damfara

Duk inda aka ji sabon magani, masu cin kuɗin marasa lafiya na biye. Idan wani dillali ya ce zai kai majinyaci wata ƙasa a dasa masa na'ura ya tashi ya yi tafiya, a tuna da waɗannan:

1. Gwajin bincike na gaskiya ba ya sayar da gurbi, kuma yawanci mazauna kusa da cibiyar yake ɗauka, domin sai an yi shekaru ana zuwa.
2. Likitan kirki ba ya alkawarin warkewa ɗari bisa ɗari.
3. A nemi sunan asibitin da na likitan da na na'urar a rubuce, a kai wa likitan ƙashi ko na ƙwaƙwalwa a Kano ya duba kafin a biya ko kwabo.
4. A tambaya: idan ta lalace bayan an dawo gida, wa zai gyara, a ina, kuma nawa?

A taƙaice

Sarrafa hannun mutum-mutumi da ƙwaƙwalwa gaskiya ne, kuma ana samun ci gaba, amma yana matakin bincike, domin waɗanda jikinsu ya shanye gaba ɗaya. Hannu na uku da jiki da yawa kuwa ba su wuce ɗakin gwaji ba. Muna fatan ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, wadda aka kafa a 2021, da na Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure za su waiwayi wannan fanni, ko da ta ƙera gaɓoɓi masu araha da gyara su ne.

Shi kuwa dattijon da muka fara da shi, takardar zuwa Dala aka rubuta wa ɗansa, aka haɗa shi da likitan fisiyo, aka fara koya masa rubutu da hagu kafin dungun ya gama warkewa. Gonar tana nan.